Makaɗin da ya sauko daga dandamali ya zo cikinmu

Ɗan Fagge: Slm jama'ar gida, barkanmu da dare. Na je Haɗeja bikin wani abokin aikinmu kuma wlh abin da na gani a wajen ne ya hana ni sakat, na ce bari in kawo shi nan mu tattauna. Dangin ango sun ɗauko wani dattijo mai gurmi, ba irin waɗanda za ka ji a rediyo kullum ba ne amma a yankin kowa ya san shi, zai haura shekara sittin, 'yar shara fara da hula wadda ta ɗan sha jiki, 'yan amshi uku sai wani yaro mai ƙaramar ganga. An kafa rumfa a ƙofar gida an jera kujerun roba, an yi masa ɗan dandamali da bencina an ɗora lasifika biyu. Ya fara kenan waƙa ta soma daɗi mata sun fara guɗa sai inji ya mutu, wuri ya yi ɗif, duhu, yara suka sa ihu. Ni na ɗauka shikenan za a zauna jiran mai gyara. Bawan Allahn nan sai kawai ya ajiye makirfo ya sauko da gurminsa ya shigo tsakiyar mutane, ya ce ku matso 'ya'yana, da can ma ba da wuta muka koya ba. Aka haska masa fitilar waya, ya ci gaba daga inda ya tsaya. Kun san gurmi ba shi da ƙara sosai, dole kowa ya yi shiru, har masu sayar da rake a gefe suka daina ciniki. Ina kusa da shi sosai har ina jin ƙarar farcensa a kan tsarkiya.

Ɗan Fagge: Amma ba ma wannan ne ya fi tsaya min ba. Bayan an tashi na zaga bayan gida neman ruwa sai na same su a kan tabarma shi da yaransa sun sa kwanon tuwo ɗaya a tsakiya, miyar kuka, yana ci suna ci. Na yi sallama na durƙusa na ce Baba sannu da aiki, sai ya matsa ya ce bismillah zauna, na ce na ƙoshi ya ce ba a ƙoshi da tuwon biki. Ya tambaye ni daga ina, na ce Kano, ya ce Kano da faɗi, wace unguwa, na ce Fagge, nan fa ya shiga ba ni labarin Fagge ta da, gidajen da suke sauka in sun zo wasa, masu ɗinkin da ke yi musu riguna bashi sai bayan sallah su biya. Ya miƙo min gurmin ya ce taɓa ka ji, na riƙe shi ba nauyi ko kaɗan, ƙwaryar duk ta yi santsi ta yi baƙi a inda hannunsa yake kwanciya. Da suka gama ci ya zazzage kuɗin liƙi a kan tabarma a gaban kowa ya kasa, har yaron da ya ɗauko lasifika sai da ya kira shi ya ba shi nasa. Tambayata ita ce, kun taɓa haɗuwa da makaɗi ko mawaƙi irin haka bayan wasa? Don ni dai na zamani da na taɓa zuwa kallo ko hannu ban samu na ba su ba.

Maman 'Yan Biyu: Allah sarki, har na ji kamar ina wajen. Allah ya ƙara masa lafiya da nisan kwana.

Bakatsine: Malam Ɗan Fagge kar ka ji haushina amma fa kai baƙo ne a harkar nan shi ya sa abin ya burge ka. Wannan tambayar ta wace unguwa, ɗan wane ne kai, ai ita ce jarin maroƙi. Yau ya ji kai ɗan Fagge ne, ya ji sunan babanka, gobe in ya hango ka a wani taro sai ka ji an kira ka da kakanka a lasifika, kai kuma kunya ta sa ka zaro dubu biyar. Ban ce mutumin banza ba ne fa, amma sana'a ce, fara'ar ma cikin kayan aiki take.

Ɗan Fagge: Hhhh Yaya Bakatsine ai ko sisi bai nema a wajena ba, da na ciro kuɗi ma zan ba shi cewa ya yi in ba yaron ganga shi ne zai yi aure bana.

Bakatsine: To ka ba yaron ko ba ka ba shi ba?

Ɗan Fagge: Na ba shi mana.

Bakatsine: Shikenan na rufe bakina hhhh

Jikan Makaɗa: Ku ba ni dama in sa baki don ni a gidan kiɗa aka haife ni, kakana mai kalangu ne, babana ya yi amshi shekaru kafin ya koma kasuwa, ni kuma boko ta ɗauke ni. Maganar Yaya Bakatsine akwai gaskiya a ciki amma rabi ya faɗa. Eh sanin mutane shi ne jari. A ƙungiyar kiɗa akwai sanƙira, aikinsa kenan tun kafin a fara wasa ya zagaya ya ji su wa suka zo, wane ɗan wane ne, wace ce uwar biki, wa ya zo daga nesa, in ana waƙa shi ke sanar da wanda ya yi kyauta da abin da ya bayar. Wannan duk tsari ne ba wanda ya musa. Amma ku tambayi kanku, mutumin da ya shekara arba'in yana riƙe sunan mutane da na iyayensu da garuruwansu a ka, ba littafi ba waya, yana zuwa sunansu yana zuwa jana'izarsu, a wane lokaci ne za ka ce nan sana'a ta ƙare nan hali ya fara? Kakana in ya ji wani da ya taɓa yi masa alheri ya rasu ko a ina ne sai ya je gaisuwa, kuma ba a kiɗa a gidan makoki balle ka ce kuɗi ya je nema, kuɗin motarsa ma yake ƙonawa.

Batun rabon kuɗi a gaban kowa kuma da Ɗan Fagge ya gani, wannan doka ce a wajen masu hankalinsu. Abin da ya fi wargaza ƙungiyar kiɗa shi ne zargi, ɗan amshi ya ga an yi liƙi da yawa da dare amma da safe a miƙo masa abin da bai kai ba, daga nan sai gunaguni, gobe ka neme shi ya bi wani. Shi ya sa ake zubewa a tabarma kowa na gani, maigida ya ɗau kasonsa babba, a cire na mota da na abinci, sauran a bi girma da daɗewa. Kuma ɗan amshi ba ƙaramin abu ba ne, in suka saki amshi ko suka shigo a makare waƙar ta zube komai iyawarka.

Bakatsine: Na yarda da zancen jana'iza, wannan kam na sha gani. Amma ka faɗa musu ɗaya gefen ma, zambo da habaici. Wanda ya hana su fa? Ai mutane da yawa tsoron bakinsu ne ke sa su bayarwa ba ƙauna ba.

Jikan Makaɗa: Akwai shi, ban ɓoye ba. Akwai waɗanda in ba ka ba su ba sai sun yi maka waƙar da za ta bi ka har jikoki. Kakana ma yana da kaifin baki in an taɓa shi. Amma wanda ya zauna da kai ya ba ka tuwonsa bayan an kashe lasifika ba ya cikin wannan lissafin, a lokacin ba mai kallo.

Ɗan Maraɗi: Assalamu alaikum 'yan uwa, ku yi haƙuri da Hausarmu ta nan gefe. Ni abin ga da kuke faɗi na gane shi a Agadas lokacin da nike aiki can. Kun san can masu gita su ka yin biki, ba wani zaure ba, fili ne cikin unguwa a shimfiɗa tabarmi a kawo ɗan inji da ampili, mata su zamna gefe guda da lulluɓinsu maza gefe guda, a bar tsakiya don rawa, ƙura ta tashi har ba ka ganin na gabanka. Wani dare munka tai wani biki, mai gitar nan ya yi wasa kamar hannunshi ba ƙashi, wani abokina ya ce mani wanga yaro fa har Turai shina zuwa wasa. Da anka tashi sai ga shi shi da kanshi shina naɗe waya shina ɗaukar ampili zuwa mota, daga baya ya zamna ya hura gawayi ya ɗora shayi, mu da ba mu san shi ba sai da munka sha kofi ukun nan duka tare da shi, kun san shayin Buzaye ba a tashi sai an kai na ukku. Bai yi muna zancen Turai ba ko sau guda, zancen raƙuma da tsadar gero munka yi. To shi wanga mi yake nema wurina, ni da ko jika guda ban liƙa mashi ba?

Bakatsine: Kai mutanen Nijar ku daban ne ai, ba da ku nake ba.

Ɗan Maraɗi: Hhhh a'a aboki kada ka gudu, Katsina da Maraɗi ai gida guda ne, abin da ka faɗi ya shafe mu.

Malamin Hausa: Muhawara ta yi daɗi. Tunda an taɓo masu gitar Agadas, ai Bombino ɗan can ne kuma shi ne mawaƙin Nijar na farko da aka sa sunansa cikin masu takarar Grammy, babbar lambar yabon waƙa da ake bayarwa a Amurka, amma asalin kiɗan nasu na biki ne irin wanda Ɗan Maraɗi ya kwatanta. A Mali ma akwai Ali Farka Toure wanda ya ci Grammy ɗin ma, duniya ta san shi amma ya koma garinsu Niafunke a bakin kogin Kwara yana noma, har ya zama magajin garin a 2004 ya riƙa kashe kuɗinsa a kan hanyoyi da magudanan ruwa, ya rasu a 2006. Shi manomi yake ɗaukar kansa kafin makaɗi.

A namu nan kuma ku dubi Ɗan Maraya Jos. An haife shi a Bukuru a 1946, iyayensa suka rasu yana ƙarami, daga nan sunan ya samo asali. Kayan kiɗansa kuntigi, tsarkiya ɗaya tak, gwangwani ne aka rufe da fata, ba 'yan amshi ba ganga, shi kaɗai. Da wannan ɗan abin ya zaga ƙasashe har Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa, ya rasu a 2015. Kuma ku lura su wa ya fi yi wa waƙa, karen mota, masu ƙananan sana'o'i, zaman aure, talaka dai. Wannan ya bambanta da makaɗan fada irin su Narambaɗa na Isa ko Ɗanƙwairo da suka fi karkata ga sarakuna, su kam akwai nasu tsarin da nasu girman, ba kowa ke tsayar da su a hanya ba. Mai gurmin Ɗan Fagge a layin makaɗan jama'a yake, irin Haruna Uji wanda shi ma ɗan Haɗeja ne kuma gurmi ne kiɗansa. Wanda abincinsa ke hannun jama'a kai tsaye, hannu da hannu, ba ta hanyar tikiti ko kamfani ba, da wuya ya yi nisa da su.

Maman 'Yan Biyu: Malam ka manta da mata fa. Mu a ɓangarenmu ai ba ma sai an jira an tashi ba. Masu kiɗan ƙwarya in sun zo biki cikin gida suke shigowa, tsakar gida, a kawo baho a zuba ruwa a kifa ƙwarya a kai, wasu ƙoren kuma a kife a ƙasa, su zauna a tabarma ɗaya da mu. Lokacin bikin ƙanwata a Funtuwa an kawo wata uwar amada, dattijuwa mai jiki, tun da hantsi suka iso kuma ba a fara ba sai bayan la'asar, wlh matar nan zama ta yi cikin masu aiki tana taya mu gyaran shinkafa tana ba mu dariya, ta ga amarya na kuka ta jawo ta ta kwantar da kanta a cinya tana mata magana a kunne, mu dai ba mu ji me ta ce ba sai gani muka yi amarya ta fashe da dariya da hawaye a fuska. Da aka fara kiɗa kuma sai ta zama wata daban, murya kamar ba ita ce ke tsince tsakuwa a shinkafa ɗazu ba, ta yi wa kishiyoyi habaici ta yi wa matan da ba sa sana'a tsiya kowa na shewa. Mutanen Funtuwa sun san abin nan tunda garin Barmani Choge ne Allah ya ji ƙanta, ita ma ai haka aka san waƙoƙinta, mata ku tashi ku nemi na kanku.

Malamin Hausa: Gaskiyarki Hajiya, ai Barmani ba a tsallake ta. 2013 ta rasu, Allah ya gafarta mata.

Ɗan Samaru: Ni fa na ga kamar an taru ana so a ce na da su ne mutanen kirki na yanzu 'yan girman kai ne, kuma ba adalci a ciki. Ni ina harkar sauti, ina bin mawaƙan zamani wajen wasa ina haɗa musu kaya. Baba mai gurmi mutum nawa ne a gabansa? Ɗari biyu in sun yi yawa, kuma rabinsu sun san shi ya san su. Yaron da ya cika fili da mutum dubbai kowa da waya a hannu kowa so yake ya rungume shi ya ɗau hoto, in ya sauko cikinsu wlh ko rigarsa ba za ta fita ba, na ga an fizge wa wani agogo na ga an yaga wa wani hannun riga, ga 'yan sane ga masu neman a yi rigima su ɗauka su sa a TikTok. Ga halin tsaro da ake ciki, mutum ya yi suna kowa na ɗauka yana da miliyoyi. Dole a sa masu tsaro dole a fita da shi ta baya. Da yawansu in ka same su a situdiyo da rana mutane ne masu sauƙin kai, a ƙasa ake zama a ci gurasa tare.

'Yar Kaduna: Ɗan Samaru ban ƙi taka ba amma bari in ba ka nawa. An yi dinar wata ƙawata, an biya wani mawaƙi kuɗi masu yawa tun wata guda kafin biki, ba zan faɗi suna ba. An ce ƙarfe takwas, bai shigo ba sai sha ɗaya saura lokacin iyaye duk sun fara tafiya, ya zo da ƙarti huɗu suna ture mutane har da wata gwaggon amarya, ya hau ya sa waƙarsa a na'ura yana motsa baki, ko sunan amarya sai da aka raɗa masa kuma ya faɗe shi ba daidai ba, waƙa uku ya juya ya fita. Wannan ba taron dubbai ba ne, hol ne na mutum ɗari uku duk 'yan uwa. Tsaron me?

Ɗan Samaru: Wannan kam bai kyauta ba Anti, ba zan kare shi ba. Amma sau da yawa manaja ne ke karɓar biki uku a dare ɗaya, shi mawaƙin ana jansa ne daga nan zuwa can.

'Yar Kaduna: To manajan wa ya ɗauke shi aiki?

Jikan Makaɗa: Kun ga inda bambancin yake kenan. Shi na dinar an riga an tura masa kuɗinsa a banki kafin ya zo, ko ya yi fara'a ko ya ɗaure fuska kuɗinsa sun shiga. Baba mai gurmi kuwa abin da zai kai gida yana aljihun mutanen da ke zaune a gabansa, sai ya motsa su tukuna. Wato dai maganar Yaya Bakatsine ta dawo ta wata hanya, yadda ake biyanka yana gyara maka hali ko ya ɓata shi.

Bakatsine: Alhamdulillah an dawo gidana. Ku rubuta ku ajiye.

Ɗan Fagge: A'a Yaya ba a dawo ba. Mutum nawa ne abincinsu ke hannun jama'a amma ba su da fuska? Je ka wasu shaguna ka gani, kai ne za ka ba su kuɗi amma kamar bashi ka zo nema. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma ba kowa Allah ya ba ba.

Gwaggon Gida: Tun ɗazu ina karantawa ban ce komai ba. Duk kun yabi dattijon nan, mai sauƙin kai, mai mutunci, ya ba ka tuwo ya ba ka gurminsa ka riƙe. To ina tambaya, kai Ɗan Fagge da ku duka, in ɗansa ya zo neman auren ƙanwarku ko 'yarku, yaro mai hankali mai sana'arsa, za ku ba shi? Ku faɗi gaskiya dare ne.

Maman 'Yan Biyu: Tab, Gwaggo kin zo da babbar magana.

Ɗan Fagge: Gwaggo ni a karan kaina zan bayar wlh, amma ba ni kaɗai ke bayarwa ba, akwai baffanni, kuma na san abin da za su fara tambaya.

Gwaggon Gida: Yawwa. Za a ce a je a binciko asali, a dawo a ce ai gidan maroƙa ne, shikenan magana ta mutu ba wanda zai ce yaron ya yi laifin komai. Muna son su a bikinmu, muna kuka in sun yi waƙar iyayenmu, in sun mutu mu cika Facebook da Allah ya ji ƙan gwani, amma a bakin ƙofa muke tsayar da su. Shi ya sa ni wannan sauƙin kan da kuke yabo wani lokaci yana ba ni tausayi, don ban sani ba ko hali ne ko kuwa tun yana yaro aka nuna masa inda zai zauna. Ka ce a bayan gida ka same su a tabarma. Manyan baƙi a ina suka ci nasu abincin?

Ɗan Fagge: A falon baban ango.

Gwaggon Gida: To ka gani.

Jikan Makaɗa: Gwaggo kin taɓa inda yake min ciwo. Babana bai bar amshi don muryarsa ta ƙare ba, ya bari ne saboda mu, don kar a riƙa kiranmu 'ya'yan maroƙi a makaranta, kuma duk da haka an kira mu. Lokacin da yayana ya je neman aure sai da aka yi ta kai da kawowa, wani kawun yarinyar ya ce shi ba zai haɗa jini da masu bin ƙofa ba, alhali shi ɗin nan kaset ɗin kiɗan kalangu ne cike da motarsa. An dai yi auren daga baya don uwar yarinyar ta tsaya. Amma ba zan yarda cewa sauƙin kan kakana tsoro ba ne, mutum ne da in ya saɓa kalangu a kafaɗa hakimi ma sai ya saurara, ya san darajarsa sarai. Zama da yaransa a ci a kwano ɗaya shi ya zaɓa, an sha kiransa ciki ya ce sai dai a shigar da su duka.

Malamin Hausa: Abin da Gwaggo ta faɗa tsoho ne a ƙasar Hausa. Shata kansa ba gadon kiɗa ya yi ba, kuma mahaifinsa bai so ya shiga waƙa ba saboda kallon roƙo da ake yi mata, ya fara da tallan goro da alewa ne kafin waƙa ta rinjaye shi. Mutumin nan daga Musawa ya kai inda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin dakta a 1988, da ya rasu a 1999 aka kai shi Daura aka binne. Yau ɗalibai na samun digiri da nazarin waƙoƙinsa, malamai na zama farfesa a kansu. Amma je ka gaya wa wani uba cewa ɗansa zai bi makaɗi ya koyi kalangu ka ga yadda fuskarsa za ta canza.

Bakatsine: Ni dai tunda Gwaggo ta ce a faɗi gaskiya, ba zan bayar ba, kuma ba don na raina su ba, surutun dangi ne ba zan iya ba. Ku zage ni.

'Yar Kaduna: Ba mai zaginka, kai ne ma ka fi wasu gaskiya. Amma in mawaƙin zamani ne mai mota da gida a Abuja fa?

Bakatsine: Wannan kuma sai a zauna a duba hhhh

Gwaggon Gida: Allah ya shirye ka ɗan nan.

Ɗan Maraɗi: Mu ma nan haka abin yake, ba mu tsira ba. Wurin Buzaye ma akwai nasu rabe-raben na asali da ba a ƙetarewa wajen aure. Sai dai yara na yanzu sun fara ƙin ji.

Ɗan Samaru: Ɗan Fagge ka ɗauki bidiyo kuwa? In akwai turo min ta akwati in ji ko sautin zai gyaru. Irin waɗannan dattawan da yawa ba su da ko waƙa ɗaya da aka naɗa da kyau, sai 'yan guntaye a wayoyin mutane, in wayar ta lalace shikenan. In zai yarda ni zan iya zuwa da makirfo biyu da na'ura mu zauna a zaurensa mu ɗauka, gurmi ba ya son situdiyo mai sanyi ma, fatar saki take yi.

Ɗan Fagge: Na ɗauka amma duhu ne ba a ganin komai sai fitilun waya, sautin dai ya fito ba laifi. Zan tambayi ango ya haɗa mu, amma sai an fara neman izininsa kafin a sa komai a intanet.

Jikan Makaɗa: In za ku je ku yi abin da tsari don Allah. Kar ku je hannu biyu ku ce taimakonsa za ku yi, ku yi maganar kuɗi tun farko a gaban yaransa, ku faɗa masa inda za a sa waƙar da wanda zai ci abin da ta kawo in ta kawo, ku bar masa kwafi a memori ko a wayar ɗansa. An sha zuwa a naɗi tsofaffin nan a tafi, sai dai su ji muryarsu a shagon masu tura waƙa ana sayarwa ko naira ba su gani ba. Kuma ku kira 'yan amshin duka ukun, kar ku ce shi kaɗai kuke so don a rage kuɗi, ba zai faɗa muku ba amma ba zai ji daɗi ba.

Ɗan Samaru: An gama Yaya. Kuɗin mota ni zan ɗauka, ku ku haɗa na sallamar su.

Maman 'Yan Biyu: Ku sa ni a ciki, zan turo nawa ranar Juma'a in an yi albashi. Bakatsine kai ma sai ka kawo naka tunda kai ka fi kowa surutu.

Bakatsine: Zan bayar, amma ku gaya masa kar ya tambayi sunan kakana.